Baki a Gaba, Murya a Baya: Yadda Muka Ceto Kaset ɗin Bankwanan Shugabanmu

Jawabin da wani ɗan ajin 2006 ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyar tsofaffin ɗalibai



Kafin in ce komai, ina neman afuwar malamanmu, musamman Malaminmu na Fiziks da nake hange can a sahun gaba, domin ya fi kowa sanin cewa ba na cikin waɗanda ake kira a ba su kyauta a darasinsa. Ni ba injiniya ba ne. Tattalin arziki na karanta a jami'a, kuma aikina a ma'aikata bai wuce lissafin kasafi da bin fayil daga wannan tebur zuwa wancan ba. Abin da ya tsayar da ni gabanku yau shi ne wani aiki da ƙungiya ta ba ni, wanda na yi kuskure a cikinsa, na ji kunya, sa'an nan na koyi darasi. Shugaban ƙungiya ya ce in faɗi darasin a bainar jama'a don kada wani ya sake faɗawa ramin da na faɗa.

Yadda abin ya faro

Bara ne kwamitin ƙungiya ya damƙa mini kwali guda na kaset-kaset ɗin bidiyo da aka tsinto a ƙasan wani kabad a ofishin makaranta. Akwai manyan nan na VHS na shekarun 1990, akwai kuma ƙanana irin na kyamarar hannu, waɗanda ake kira MiniDV. Aka ce in juye su cikin kwamfuta. Cikinsu akwai wanda aka rubuta wa "Ranar Jawabi 2006" da jan biro. Duk wanda ya yi zamani da mu ya san ranar nan. Ita ce ranar da marigayi Shugaban Makaranta, Allah ya jiƙansa, ya yi jawabinsa na bankwana da aiki. Iyalinsa sun ji labarin kaset ɗin, suka aiko suna roƙon a ba su kwafi, domin autarsa tana ƙarama ƙwarai lokacin da ya rasu, ta san fuskarsa a hoto amma ba ta iya tuna muryarsa.

Na ari kyamara wajen wani tsohon mai ɗaukar hoton biki, na haɗa ta da kwamfuta, na juye kaset ɗin. Na kalli minti biyar na farko, na ga komai daidai, na rufe. Ran taron kwamiti na kunna musu da alfahari. Faretin ɗalibai ya wuce lafiya, raba kyaututtuka ma haka. Amma jawabin marigayi yana can wajen minti na 50 ne, kuma da aka kai nan sai ga bakinsa yana gaba, muryarsa tana biye a baya. Kun tuna yadda yakan buga tebur idan zai jaddada magana. To, sai hannu ya sauka ya tashi, sa'an nan a ji ƙarar. Wani daga cikinmu ya ce, "Kai, wannan ai fassarar fim ɗin Indiya ce!" Aka yi dariya, sai kuma kowa ya yi shiru, don mun tuna ko wane ne a cikin hoton, da kuma wadda za a kai wa.

Na koma gida na yi abin da na ga ya fi sauƙi, watau na jawo muryar duka gaba har ta dace da bakinsa a minti na 50. Da na koma farkon kaset, sai na tarar ƙarar ganga tana riga sandar makaɗi sauka. Gyaran gangar Auzinawa ke nan, na gyara ƙarshe na ɓata farko.

Tambayar da ta buɗe mini ido

Matambayi ba ya ɓata. Aka haɗa ni da wani dattijo a Kano wanda ya yi aikin tace finafinan Hausa tun zamanin kaset. Bai ko kalli kwamfutata ba sai da ya tambaye ni, "Ɗana, muryar nan tun farko take a baya, ko a hankali take zamewa, ko kuwa tsalle take yi?" Na ce ban lura ba. Ya ce, "To ai ba ka san cutar ba ka fara ba da magani." Wannan tambaya ita ce jigon jawabina. Ciwo uku ne masu kama da juna, amma kowanne da sanadinsa da maganinsa.

Domin a fahimce su, sai mun san yadda bidiyo yake. Abin da muke gani kamar motsi, hotuna ne tsayayyu da ake jerawa da sauri. A tsarin talabijin da Nijeriya ta bi, wanda ake kira PAL, hoto 25 ne a kowane sakan. A tsarin Amurka da Japan kuwa, watau NTSC, hoto 29.97 ne. Ita murya dabam ake ɗaukar ta. Kyamarar MiniDV tana ɗibar samfurin sauti sau 48,000 a sakan, ko kuma sau 32,000 idan an saita ta a ƙaramin mataki. Ke nan a tsarinmu kowane hoto guda ya kamata ya zo da samfurin sauti 1,920 cif. Matsalar ita ce, a kyamarorin gida ba a tilasta wa agogon sauti ya bi agogon hoto sawu da ƙafa ba, an bar masa ɗan sarari. Manyan na'urorin gidajen talabijin, irin su DVCAM da DVCPRO, su ne aka ɗaure wa agogon biyu wuri guda.

Kun tuna agogon bango na ofishin Shugaba da agogon hannun mai buga ƙararrawa? Ran Litinin sukan tashi tare, amma kafin Juma'a sai ka ga an fara gardama a bakin get kan wane ne ya makara. Kowane agogo yana aiki, sai dai ba tare suke tafiya ba. Haka hoto da murya suke.

Idon mutum da kunnensa kuwa ba sa yafe wannan saɓani. Masana na hukumar sadarwa ta duniya, ITU, sun auna cewa mai kallo yakan fara lura idan murya ta riga hoto da kamar sakan 0.045, ko ta makara da kamar sakan 0.125. Mun fi haƙuri da makara ne domin haka muka saba a duniya, walƙiya muke fara gani kafin mu ji tsawa. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a wannan fage in gani da ji suka raba hanya, duka biyun ne suke lalacewa.

Ciwo na farko: tazarar da ba ta canjawa

Wannan shi ne mafi sauƙi. Muryar tana baya ko gaba da gwargwado ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Yakan faru idan an ɗauki murya da rikoda dabam, ko na'urar juyewa ta jinkirta ɗaya daga cikin biyun, ko kuma mai kyamara ya tsaya nesa. Malam ya koya mana cewa sauti yana tafiyar kamar mita 343 a sakan. In mai ɗauka yana ƙarshen zaure, mita 30 daga mai magana, ya jawo fuskar kusa da gilashin kyamara, muryar za ta iso a makare da kusan sakan 0.09, watau hoto biyu da 'yan kai. Maganin wannan shi ne abin da na yi da farko, a ja muryar duka gaba ko baya sau ɗaya. Mai son gwadawa ya buɗe bidiyon da manhajar VLC, a kwamfuta mai Windows maɓallan J da K suna matsar da murya da sakan 0.05 a kowane dannawa. Sai dai wannan na kallo ne kawai, ba ya gyara fayil ɗin. In an gano gwargwadon, sai a je manhajar tacewa a yi gyaran dindindin.

Ciwo na biyu: zamewa a hankali

Wannan shi ne ciwon kaset ɗin 2006. Farko daidai, tsakiya ɗan saɓani, ƙarshe abin kunya. A ɗauka agogon sautin kyamara yana ɗibar samfuri 48,009 a maimakon 48,000. Bambancin 9 ne kacal, ba kunnen da zai ji shi. Amma kwamfuta za ta karanta su 48,000 a sakan, ragowar suna taruwa a baya, a sa'a guda sun kai 32,400, watau kusan kashi biyu cikin uku na sakan. Da haka ɗigon ruwa yake cika tulu.

Ga yadda dattijon nan ya sa na yi. Da farko na nemi alama a wurare uku, watau wurin da ido zai ga bugu kuma kunne ya ji shi. Masu shirya fim suna da allon nan da suke maƙawa gaban kyamara saboda wannan dalili. Mu ba mu da shi, amma muna da sandar makaɗi a farkon kaset, da tafin wani baƙo a minti na 25, da bugun teburin marigayi a minti na 50. In babu irin waɗannan, a duba leɓe wajen furta "b" ko "m", domin dole baki ya rufe a kansu. Na buɗe bidiyon a manhajar Shotcut, wadda kyauta ce, ina matsawa hoto ɗaya bayan ɗaya ina duban inda zanen sauti ya yi tsini. A farko babu tazara. A minti na 25 hoto 7 zuwa 8. A minti na 50 hoto 15. Da na ga tazarar tsakiya rabin ta ƙarshe ce, na tabbata zamewar a miƙe take, ba tsalle ba.

Saura lissafi, kuma a nan ne na tuna Malamin Lissafi da yake ce mana wata rana za mu nemi abin da muke gudu. Hoto 15 a raba da 25, sakan 0.6 ke nan. Minti 50 sakan 3,000 ne. A raba 0.6 da 3,000, a sami 0.0002, watau kashi 0.02 cikin ɗari. Na fitar da muryar dabam, na kai ta manhajar Audacity, ita ma kyauta ce, na ƙara mata gudu da kashi 0.02 cikin ɗari, na mayar da ita ƙarƙashin hoton. Ƙarin bai kai ya canja amon muryar yadda kunne zai gane ba. Na sake duba alamomin nan uku, kowace ta faɗa wurinta.

Akwai wani ɗan uwan wannan ciwo da ya kamata in ambata, don wasunmu suna da kyamarorin da 'yan uwa suka kawo tsaraba daga Amurka. In kaset na NTSC ne aka saita manhaja a kan hoto 30 maimakon 29.97, hoton zai tsere wa murya da sakan 3.6 a kowace sa'a. Wanda ya ga wannan adadi kada ya taɓa muryar, ya koma ya gyara saitin.

Ciwo na uku: tsalle

Wannan shi ya fi wahalar da ni, kuma a manyan kaset-kaset na VHS na fi samun sa. Za ka ga minti goma daidai, sai kwatsam murya ta koma baya, ta zauna haka, can kuma ta ƙara. Sanadinsa yawanci zubar hotuna ne wajen juyewa. Tsohon kaset yana da wuraren da ya tauye ko ya yi datti, ƙaramar na'urar USB da ake juye irinsu da ita takan rikice a nan ta yar da hotuna, alhali murya tana ci gaba da shiga ba yankewa. Haka kuma idan kwamfuta ta shagala da wani aiki. Kowane hoto da ya zube sakan 0.04 ne, in 50 suka zube an yi asarar sakan biyu.

A ƙananan kaset kuma tsallen yakan zo ne a inda aka tsayar da ɗauka aka bar fili, ko inda aka canja matakin sauti tsakanin 32,000 da 48,000 a kan kaset guda. In manhaja ta karanta na 32,000 a matsayin 48,000, za ka ji dattijo yana magana da sauri da muryar yaro.

Lissafi ba ya maganin tsalle, domin abin da ya zube ya zube. Maganin shi ne a sake juyewa da kyau. A MiniDV a yi amfani da manhajar da ke yanka fayil a duk inda aka tsayar da ɗauka, irin su WinDV, ta yadda kowane yanki zai fara da lissafinsa sabo. A VHS kuwa a nemi na'urar da ke daidaita siginar kafin ya shiga kwamfuta, wadda masu sana'ar ke kira TBC. Wasu kyamarorin MiniDV da Digital8, da wasu tsofaffin rikodojin DVD, suna iya yin kusan wannan aiki idan aka bi da siginar ta cikinsu. In duk an yi haka tsallen bai tafi ba, sai haƙuri, a yanka bidiyon a kowane wurin tsalle a daidaita yanki-yanki. Kaset ɗin gasar wasanni na 1998 haka na yi masa, ya ci mini daren Asabar uku.

Rigakafi ya fi magani

Ga wanda zai juye nasa, ga abubuwan da na so a ce na sani tun farko.

Na ɗaya, a kulle kaset kafin a sa shi a na'ura. MiniDV yana da ɗan maɓalli a gefe da ake turawa, VHS kuma ana ɓalle masa ɗan harshen nan na baya. Kuskuren danna maɓalli guda ya isa ya shafe tarihi.

Na biyu, kaset ɗin da ya daɗe a ajiye a naɗe shi zuwa ƙarshe a dawo da shi farko kafin a kunna. Wanda ya yi fumfuna kada a sa shi a na'ura sai an share shi, don zai toshe kan na'urar ya kuma ɓata na bayansa.

Na uku, MiniDV da Digital8 ta wayar FireWire ake juye su, wadda Sony ke kira i.LINK. Ta nan kwafin yake fitowa kamar yadda yake a kaset, ba ragi. Sababbin kwamfutoci ba sa zuwa da wannan kafa, amma ana iya sa wa kwamfutar tebur kati mai ita. 'Yar wayar nan mai arha da ake cewa tana mayar da FireWire zuwa USB ba ta yin aikin. A kuma kashe kyamara kafin a soka wayar ko a cire ta.

Na huɗu, a rufe duk wata manhaja, a tabbatar akwai wuri a rumbun kwamfuta, domin sa'a guda ta MiniDV tana cin kusan gigabait 13. A tanadi wutar da ba za ta yanke a tsakiya ba, kuma a sa ido kan adadin hotunan da suka zube, ya kamata ya tsaya a sifiri.

Na biyar, kada a matse bidiyon a lokacin juyewa. A ajiye babban kwafi yadda ya fito, a wuri biyu dabam-dabam, a yi gyara a kan kwafinsa, sa'an nan a fitar da ƙarami na tura wa a WhatsApp.

Na shida, wanda ya fi duka, kada a yi irin tawa. A duba farko, a duba tsakiya, a duba ƙarshe, kafin a ce an gama.

Kammalawa

Da na gama gyaran, ni da shugaban ƙungiya da sakatare muka kai wa iyalin marigayi. Aka kunna a falo. Da aka zo inda ya cire tabarau ya ce mana mu riƙe gaskiya ko a ofishin da babu mai ganinmu, ya buga tebur, hannu da ƙara suka sauka tare. Autarsa ba ta ce komai ba, sai ta roƙa a mayar da wurin. Aka mayar sau uku. Mahaifiyarta ta ce, "Haka yake magana." Ban taɓa karɓar ladan aiki da ya kai waɗannan kalmomi ba.

'Yan uwa, lokaci ba ya jiranmu. VHS ya fito a 1976, MiniDV a 1995, kuma kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da aka sani yana ƙera na'urar VHS, ya daina a 2016. Na'urorin da suka rage tsufa suke yi, masu gyaransu ma haka. Kaset kuwa zafin bazara da danshin damina da ƙurar hunturu duk cin sa suke a hankali. Na san a gidajenmu akwai kaset-kaset na ranar yaye ɗalibai, da wasan kwaikwayo, da muhawara, da tafiyar buɗe ido, cikinsu akwai muryoyin malamai da abokai waɗanda ba za mu sake ji ba. Ina roƙon duk mai irin wannan ya miƙa wa sakataren ƙungiya, a rubuta sunansa da shekarar a jiki, a juye a mayar masa da abinsa. Wanda yake da tsohuwar kyamara ko na'urar bidiyo mai aiki, kada ya sayar wa 'yan gwangwan, ya ara wa ƙungiya. Ina kuma ba kwamiti shawarar ya ware ɗan abin sayen rumbun ajiya guda biyu, ɗaya a ɗakin karatu na makaranta, ɗaya a hannun ƙungiya.

Ina godiya ga dattijon da ya koya mini in san cuta kafin magani, da Malaman Fiziks da Lissafi waɗanda darasinsu ya yi mini rana bayan shekara kusan ashirin. Kuskuren da ke cikin wannan bayani nawa ne, kuma malamai suna nan, sai su ɗauko jan biro kamar yadda suka saba.